Turanci Ya Zama Harshen Duniya: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Biyan Kuɗin Fito?

A cikin shekara guda, 2025, an yanke hukunci biyu kan harshe, ɗaya a Yamai ɗaya a Abuja, kuma duka biyun sun taɓa mutumin Kamba da na Kangiwa, wanda danginsa ke zaune gefe biyu na iyaka. A ƙarshen watan Maris gwamnatin sojan Nijar ta fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa, ta ce Hausa ce harshen ƙasa, ta sauke Faransanci daga kujerar da yake kai tun samun 'yancin kai a 1960, ta mai da shi harshen aiki kawai. Cikin murnar ɗaukaka Hausa, mutane da yawa ba su lura kundin ya jera Turanci tare da Faransanci a matsayin harshen aiki ba, alhali Ingila ba ta taɓa mulkin Nijar ba. A watan Nuwamba kuma Ministan Ilimin Nijeriya, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wadda aka amince da ita a 2022 zamanin tsohon Minista Malam Adamu Adamu. Ya ce daga yanzu da Turanci za a koyar, tun daga ajin share fage har jami'a.

Ko ta wane gefen iyaka aka duba, Turanci ne ya ƙara fili. Gardamar ko zai zama harshen duniya ta wuce, ya riga ya zama. Abin da ya rage mana a nan Kebbi shi ne mu zauna mu yi lissafi tsakani da Allah: me yake ba mu, me yake karɓa a hannunmu, kuma wa ke biya. Ni dai a ganina Turanci abin nema ne, a koye shi da kyau. Sai dai mun ajiye shi a wuraren da ba nasa ba, kuma a can ne yake yi mana ɓarna.

Ba daɗin baki ko sauƙin koyo ne ya kai shi nan ba. Duk wanda ya yi fama da rubutunsa ya san harafi ɗaya kan yi sauti uku, wani kuma a rubuta shi ba a furta shi. Ƙarfin masu shi ne ya ɗaga shi, kamar yadda ƙarfi ya ɗaga wasu kafin shi. An yi zamanin da mai neman ilimin lissafi da taurari da likitanci, daga Andalus har Bagadaza, sai da Larabci. A nan ƙasarmu ma da Larabci Gwandu ke aika wa Nupe da Ilori wasiƙa, da shi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta tafsirinsa. Turai ta yi ƙarnoni tana karatu da Latin, Faransanci ya zama harshen jakadu, Jamusanci ya riƙe kimiyya har zuwa yaƙin duniya na farko. Da aka zo rubuta yarjejeniyar Versailles a 1919, sai aka yi ta da Faransanci da Turanci, alamar ƙasa ta fara juyawa. Daular Ingila ta shuka harshen a Indiya da Afirka da sauran wurare, bayan 1945 Amurka ta ɗauke shi da dala da fina-finai da jami'o'i, daga baya da kwamfuta da intanet.

Yau ana ƙiyasta masu jin Turanci sun kai kimanin biliyan 1.5. A cikinsu waɗanda suka tashi da shi a gida ba su kai miliyan 400 ba, sauran duk koya suka yi. Amma a riƙe ɗaya gefen lissafin: mutanen duniya sun haura biliyan 8, ke nan cikin kowane mutum biyar, huɗu ba sa jin sa. Harshen duniya ne a filin jirgi da jami'a da banki da intanet, inda kusan rabin shafukan da ke akwai da shi aka rubuta su. A gona da kasuwar ƙauye da ɗakin haihuwa, mafi yawan 'yan Adam da wani harshe suke rayuwa.

Amfaninsa ba abin musu ba ne, kuma wanda ya ƙaryata shi don kishin Hausa bai taimaki Hausa da komai ba. Ɗauki jirgin alhazai da ke tashi daga filin jirgin Sa Ahmadu Bello a Ambursa. Kafin ya sauka Madina ko Jidda zai ratsa samaniyar ƙasashe masu Faransanci da masu Larabci, matuƙin kuma ta yiwu ba ya jin ko ɗaya. Da wane baki zai yi magana da masu ba shi hanya daga ƙasa? A 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, manyan jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, kuma rashin fahimtar 'yan kalmomi tsakanin matuƙi da hasumiya na cikin abin da ya jawo. Irin waɗannan haɗurra suka sa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta wajabta wa matuƙan da ke tsallake ƙasashe, da masu ba su hanya, su ci gwajin Turanci zuwa wani mataki. Tsohuwar da ta sayar da shanunta ta biya kujerar Makka ba ta jin ko kalma ɗaya, amma harshen na cikin sabubban da ke kai ta lafiya.

Haka ilimi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na binciken kimiyya da manyan mujallu ke bugawa da Turanci yake fitowa. Ɗalibi a jami'ar Aliero ko ta Birnin Kebbi ko ta aikin gona da ke Zuru, da harshe guda zai karanta abin da Bajamushe da Bajapane da ɗan Burazil suka gano, ba sai ya koyi harsuna uku ba.

A cikin gida kuma, Nijeriya na da harsuna fiye da 500. Ɗan bautar ƙasa da aka turo Jega daga Abiya, da sojan da aka kai Fatakwal daga Koko, Turanci ko buroka ne ke haɗa su da mutanen da suka tarar. Akwai kuma maganar da Bahaushe ba ya son ji amma gaskiya ce: ga ɗan ƙaramar ƙabila, Turanci kariya ne. In aka ce yau Hausa kaɗai ce harshen gwamnati a Kebbi, ɗan Birnin Kebbi zai shiga jarrabawar ɗaukar aiki da harshen da ya sha a nono, Badakkaren Zuru da Bakambaren Yauri su shiga da na aro. Da Turanci kowa baƙo ne, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ƙasar ta riƙe shi bayan tafiyar Turawa.

Mazaunin bakin iyaka ya fi kowa ganin darajar abin. 'Yan uwa biyu, ɗaya ya yi karatu a Gayar Nijar da Faransanci, ɗaya a Kamba da Turanci. Na biyun, in karatun ya zauna, yana iya neman aiki ko gurbin karatu daga Dubai har Malesiya, ya koyi gyaran sola ko na waya a YouTube in yana da kuɗin data. Shugabanni ma sun ga haka. Ruwanda ta sauya harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Turanci a 2008, Togo da Gabon suka shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 2022, duk da Faransa ce ta rene su.

To, amma abin kamar jirgin fito ne a Yauri: kowa na tsallakawa, kowa na biya, ban da mai jirgi. Yaron da aka haifa a Landan ya mallaki harshen duniya kafin ya shiga firamare. Namu zai yi shekara goma sha biyu yana kokawa da shi, a sa'o'in da wancan ke zubawa kan lissafi da kimiyya. A 2005 wani masanin tattalin arziki ɗan Suwizalan, François Grin, ya ƙiyasta cewa Birtaniya na cin ribar aƙalla Yuro biliyan 10 duk shekara daga rinjayen harshenta a Turai kaɗai. A 2023 wani bincike da Tatsuya Amano ya jagoranta, wanda ya tambayi masana muhalli 908 daga ƙasashe takwas har da Nijeriya, ya nuna wanda Turanci ba harshensa na gida ba ne na iya cin kusan ninki biyu na lokaci kafin ya gama karanta takardar bincike guda, kuma yawan mayar masa da aikinsa saboda harshe ya ninka na mai harshen sau biyu da rabi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne jarrabawar IELTS. Ma'aikaciyar jinya ta yi firamare da sakandare da makarantar koyon aikinta duk da Turanci, amma in tana son aiki a Ingila sai ta sake zama wannan jarrabawa ko makamanciyarta, ta biya kuɗin da ya ninnika mafi ƙarancin albashi, don ta tabbatar tana jin Turanci. Sakamakon kuma shekara biyu kawai yake yi ya mutu. A jerin ƙasashen da gwamnatin Birtaniya ta yarda masu Turanci ne, babu ƙasar Afirka ko ɗaya.

Duk wannan asarar waje ce, ana iya cije haƙori a jure ta. Wadda ba ta jurewa tana cikin aji.

Shiga aji biyu na firamaren gwamnati a wani ƙauye na fadamar Argungu ko ƙasar Bagudo. Ga yarinya 'yar shekara bakwai, ba a taɓa yi mata Turanci a gida ba, rediyon babanta Hausa yake yi, tallar da take kaiwa tasha da Hausa take cinikinta, kuma canjin naira ɗari biyar ba ya ruɗa ta. Malam ya rubuta jimla a allo da Turanci, ya karanta, aji ya amsa da ƙarfi, ya sake, suka sake, har ta zauna musu a ka. Goge allon ka nuna mata kalma ɗaya daga ciki a littafi, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Kaya biyu aka aza mata lokaci guda: ta gane yadda baƙi ke zama sauti, sauti ya zama magana, kuma ta yi hakan cikin maganar da ba ta san ma'anarta ba. Da da Hausa aka fara, inda kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, da zarar ta haɗa baƙi huɗu ta ji kalmar da ta sani ta fito daga bakinta, ta gano sirrin karatu ke nan. Wanda kuwa ya gano shi sau ɗaya ba ya sake koyonsa daga tushe, ɗaukarsa yake yi ya shiga wani harshe da shi.

Malamin kansa yakan ga ba a tare da shi, sai ya saki Turancin ya yi bayani da Hausa, yana waige kada mai duba makarantu ya ji. Abin da ke gudana a zahiri ke nan: bayani da Hausa, rubutu da jarrabawa da Turanci, yaro ya gama aji shida ba ya iya rubuta wasiƙa da ko ɗaya. A makarantun kwana da yawa kuma an daɗe ana sa monita ya rubuta sunan duk wanda ya yi banakula, a ci shi tara ko a ba shi gwale-gwale. Yaron da aka hukunta don ya yi maganar uwarsa zai tashi yana ganin abin da ya zo da shi daga gida abin kunya ne.

An gwada wata hanyar a ƙasar nan, ba a wata duniya ba. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara wani gwaji: aka koyar da wasu yara duk darussan firamare na shekara shida da Yarabanci, Turanci kuma aka ba shi darasinsa na kansa a hannun malamai ƙwararru. Da aka auna su da takwarorinsu da aka koyar ta hanyar da aka saba, sun fi su a darussa, kuma ba su gaza su a Turancin kansa ba. Duba kuma ƙasashen da suka fi iya Turanci a cikin waɗanda ba harshensu ba ne, irin su Holan da Suwidin da Denmak. Yaransu da harshen gida suke karatun firamare, Turanci darasi ne da ake koyarwa da kyau. Japan da Koriya ta Kudu da Sin sun ƙera mota da waya da jirgi da hannun injiniyoyin da suka yi digiri da harshensu. Koyon Turanci daban, koyo da Turanci daban, mu kuwa mun gwamutsa su, yaro bai samu Turancin ba, bai samu lissafin ba.

Hujjar Minista ita ce yankunan da suka fi amfani da harshen uwa su suka fi faɗuwa WAEC da NECO da JAMB. Damuwarsa a kan hanya take, kuma akwai tambayoyin da masu kishin harshe ke tsallakewa. Ina littattafan kimiyya na aji biyar da Hausa? Ina malaman da aka horar? Da wane harshe za a koyar a ajin da ya tara 'ya'yan ƙabila shida a cikin garin Zuru? Sai dai yaran da suka zauna WAEC a 2025 sun bar firamare tun 2019, kafin a sa wa manufar hannu, ba ita ta kayar da su ba. Tsohuwar manufar 1977 ma ta ce a yi shekara uku na farko da harshen gida, amma duk wanda ya yi firamaren gwamnati ya san a takarda ta tsaya a mafi yawan wurare. Ajin da ba malami, ba littafi, da makarantun da 'yan bindiga suka sa aka rufe, su suka fi kusa da laifin. Maganar littattafai kuwa ba gagara-badau ba ce. Makarantar da Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, kuma da Hausa aka yi Yaƙi da Jahilci har dattawa suka iya karanta rasiɗin haraji.

Sannan ga maganar kiredit. Yaro ya ci lissafi da fizis da kemistiri, ya faɗi Turanci, shi ke nan jami'a ta haramta gare shi a kusan kowane fanni. Sai ya sake zama, ko ya hau kabu-kabu, ko iyaye su nemi cibiyar da ake satar amsa. Masu kan lissafi da gyaran inji nawa muka rasa ta nan?

Bar makaranta ka shiga kasuwa ranar da take ci, ka tsaya gaban mai sayar da maganin feshi. Manomin shinkafa ya ɗauki kwalba, ya jujjuya ta, ya miƙa wa saurayin da ke kusa: "Ɗan samari, duba mini, mi anka rubuta nan?" Saurayin ya gama sakandare, ya karanto sunan maganin, ya tsaya. A jikin kwalbar an faɗi adadin da za a zuba cikin lita nawa ta ruwa, an ce a rufe hanci da hannu, an faɗi kwanakin da za a jira kafin girbi, an ce kada a sake amfani da kwalbar. Duk da Turanci, da baƙaƙe ƙanana. Mai shago ya taƙaita masa: "Baba, marfi biyu a famfo ɗaya." Da wannan zai tafi fadama. In ciyawa ta yi taurin kai ya ƙara marfi na uku, in magani ya ƙare a ɗauraye kwalbar a zuba man gyaɗa. Dokar rubutun jikin kaya a ƙasar nan ta wajabta Turanci, ta bar sauran harsuna ga ganin damar kamfani. Takardar da ke cikin kwalin maganin da ake saye a kemis ma haka take.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga inda wannan giɓi ke kai mutane a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida. Illar dalma ga jikin yaro ba sabon ilimi ba ne, an daɗe da cika littattafai da shi. Da abin ya fashe, Turanci ya yi aikinsa: likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da masana daga ƙasashe daban-daban suka fahimci juna cikin gaggawa, aka kawo magani, aka kankare ƙasar gidaje. Amma kafin nan ilimin yana kwance cikin harshen da mai turmi da mai injin niƙa ba sa ji. Talauci ne ya sa su niƙa dutsen, ban musa ba, sai dai uwa ba ta barin ɗanta ya yi rarrafe cikin ƙurar da ta san guba ce.

Mulki ma haka. Sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce Majalisar Tarayya za ta yi aiki da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Tun kundin 1979 ake maimaita wannan alkawari, tanadin bai zo ba. A Jamhuriya ta farko majalisar Jihar Arewa a Kaduna da Turanci da Hausa take zama. Yau kasafin kuɗin da za a kashe da sunan mutumin Dandi ko Sakaba da Turanci ake rubuta shi, a karanta shi, a zartar da shi. A babbar kotu wanda ake tuhuma na tsaye lauyoyi na jayayya a kan ransa, yana jiran tafinta ya gutsuro masa abin da aka ce. Ta yaya mutum zai tuhumi mai mulki kan takardar da sai abin da aka ga dama aka fassara masa daga cikinta?

Daga nan wata cuta ta shige mu, ta auna hankali da Turanci. A Gwandu da Jega akwai malaman da ke karantar da nahawu da fiƙihu da rabon gado, suna rubutu da Larabci da ajami, amma in suka je cike fom sai a nuna musu inda za su dangwala yatsa, a lissafa su cikin waɗanda ba su yi karatu ba. Ɗan siyasa ya yi tuntuɓen harshe a talabijin, a kwana ana yi masa dariya a Facebook, ba mai tambayar ko abin da ya faɗa gaskiya ne. A gidajen wasu 'yan boko na Abuja da Kaduna an fara samun yaran da ba sa iya hira da kakarsu in an zo hutu, iyayen kuma na faɗa da alfahari.

In za a yi adalci kuwa, a Kebbi ba Turanci ke haɗiye harsuna ba, Hausa ce. Duniya na da harsuna kusan 7,000, hukumar UNESCO ta ce kimanin kashi 40 cikin 100 na fuskantar ɓacewa, kuma sau da yawa harshen maƙwabci mai ƙarfi ke cinye su. Kyangawan yankin Dandi da Bagudo, mafi yawansu sun koma Hausa ko Dandanci, harshensu ya rage a 'yan ƙauyuka. Gungawan Yauri da Kambari da Dukawa da masu C'lela na Zuru suna ganin 'ya'yansu na birni suna amsa musu da Hausa. Duk kukan da muke yi da Turanci, su ma suna da irinsa a kanmu. Wanda ke neman a koyar da ɗansa da harshen uwa a Argungu, ya wajaba ya nemi haka ga ɗan Ribah da na Dirin Daji, in ba haka ba kishin ƙabila yake yi da sunan ilimi.

Wasu na cewa a kwantar da hankali, na'ura za ta raba gardama, ka yi magana da Hausa waya ta fassara. Akwai ƙamshin gaskiya, tun 2013 Google ta sa Hausa cikin harsunan da take fassarawa. Amma daga rubutun da mutane suka yi waɗannan na'urori ke koyo, abin da aka rubuta da Hausa kaɗan ne in an gwada da na Turanci, na C'lela kuwa ba a ma magana. Shi ya sa fassarar kan yi kyau a gaisuwa da labarai, ta yi rauni a bayanin magani da shari'a da noma.

Abin da ke hannun jiha ya fi yadda ake zato yawa. Ilimi na cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hannu tare, firamare kuwa jiha da ƙananan hukumomi ke riƙe da ita. Kebbi na iya cewa yaro ya fara karatu da rubutu da harshen da ya zo da shi, Turanci ya shigo tun aji ɗaya a matsayin darasin baka, kullum, a hannun malamin da ya iya shi da gaske, a riƙa ƙara masa fili har ya karɓi koyarwa a ƙarshen firamare. Wurin miƙa hannun nan ne ya fi wuya, kuma a kansa ya kamata Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ta horar da malamai musamman. Sashe na 97 na kundin tsarin mulki ya ba majalisar jiha damar ƙara harsunan jihar a zamanta da ƙuduri kawai, ba ta bukatar iznin kowa. Maganar kwalbar feshi ma ba sai an jira Abuja ba. Ma'aikatar gona na iya buga takarda guda da boko da ajami da hotuna, mai faɗin marfi nawa, kwana nawa kafin girbi, da abin da za a yi in magani ya shiga ido, ta sa a karanta ta a rediyo, ta kuma sa kowane mai shago ya liƙa ta inda manomi zai gani kafin noman rani mai zuwa.